Yadda muka mayar da ciniki cikin salula a Maradi lokacin korona

Kafin korona ta iso, kasuwar Maradi ta riga ta ji jiki. Tun watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina ta yi sanyi, alhali ta nan garin yake samun abincinsa. Sai ga watan Maris na 2020. Ranar 17 shugaban Nijar na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya sanar da rufe iyakoki da filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, da rufe makarantu, da hana taron da ya wuce mutum 50. Ranar 19 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu, ranar 27 aka ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya, aka sanar da killace Yamai. Masallatai ma an rufe su, ba su sake buɗewa ba sai 13 ga Mayu. Hana taro shi ya fi taɓa ƙaramin ɗan kasuwa, don biki da suna su ke ciyar da tela, da mai turaren wuta da humra, da mai atamfa, da mai kayan ɗaki. Mai tuyar ƙosai a bakin lakol da mai baza huluna a ƙofar masallacin Juma'a kuwa, wurin zamansu ne ya tafi ɗungurungum.

Irin waɗannan muka yi aikin ɗorawa kan WhatsApp da Facebook. Tun farkon aikin muka gane cewa tara mabiya ba shi ke kawo abinci ba. Wanda ya tsira shi ne wanda tsofaffin masu sayensa suka iya ganin kaya, suka san kuɗinsu, suka biya, kaya suka iske su gida. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya yanke, sauran ukun wahala ce kawai.

Ba da hoto muka fara ba, da lambobi muka fara. Kowane ɗan kasuwa yana da taskar lambobi bai sani ba: littafin awo na tela, littafin bashi na mai shago, kiran da ya shigo waya a watannin baya, da lambobin matan da ake zubin adashi tare. Muka kwashe su muka adana a waya da tsari ɗaya, suna sannan unguwa sannan abin da mutum ya saba saye, kamar "Hajiya Zariya shadda" ko "Malam Bagalam hula". Amfanin haka yana fitowa ranar da sabuwar shadda ta zo: ka rubuta "shadda" a wurin bincike, duk masu sayenta su fito.

Adanawa ta ɓangare ɗaya ba ta isa ba, kuma a nan mutane da yawa suka yi ta ɗora kaya babu mai gani. Sitatus na WhatsApp ba ya bayyana sai in kai ka adana lambar mutum, shi ma ya adana taka. Haka jerin aika saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda, wanda ke ɗaukar lamba 256: wanda bai adana lambarka ba, saƙon ba zai same shi ba, kuma wayar ba za ta faɗa maka ba. Don haka kowa sai da aka aika masa saƙon murya nasa na kansa, a kira shi yadda aka saba kiransa: "Salamu alaikum Hajiya, ina wuni, ina gajiya? Telanki ne na Sabon Gari. Don Allah ki adana wannan lamba, duk sabon ɗinkin da ya fito za ki gan shi a sitatus, ba sai kin fito ba." Muna tura su kaɗan kaɗan, ashirin zuwa talatin a wuni. In ka antaya wa ɗaruruwan mutanen da ba su da lambarka saƙo iri ɗaya cikin awa guda, wasu za su toshe ka, wasu su kai ƙara, WhatsApp ya rufe layin. Haka masu amfani da irin WhatsApp ɗin da aka yi wa kwaskwarima, irin su GB, su ma ana rufe su. Wanda zai ɗora abincinsa a kan layi, ya sauke na ainihi.

Sai sauya manhaja zuwa WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, kyauta ne. Lamba ɗaya ba ta aiki a manhajojin biyu a lokaci guda, amma yawancin wayoyin da ke hannun mutane, Tecno da Itel, suna cin layi biyu. Sai mu bar WhatsApp na gida a kan layi ɗaya, na kasuwa a kan ɗayan. In lambar da masu saye suka sani ita ce ta gida, ita ake mayarwa ta kasuwa, a nemo sabuwa don dangi. Dangi za su neme ka, mai saye ba zai neme ka ba. Kafin a sauya, a yi ajiyar hirarraki, in ba haka ba tsohon lissafin bashi da ke cikin saƙonni ya tafi. A shafin bayani muna rubuta sunan sana'a, lokacin aiki, da kwatance irin wanda ɗan kabu-kabu zai gane: unguwa, masallaci ko famfo ko gidan mai mafi kusa, da launin ƙofa. Nan take kuma a kunna lambar sirri ta mataki na biyu, mai alƙaluma shida. A lokacin an sace layukan mutane ta hanya ɗaya tak: a kira ka a ce an tura wata lamba wayarka bisa kuskure, ka karanto. Da ka karanto, layinka ya koma hannun wani, ya shiga bin masu sayenka yana karɓar kuɗi da sunanka.

Manhajar tana da saƙon maraba da amsoshin da ake ajiyewa a rubuce. Mun saka su, amma gaskiya ba su ne suka yi aiki ba. Da yawa daga masu sayenmu, musamman mata, ba sa karanta Faransanci, wasu bokon Hausa ma da ƙyar. Saƙon murya shi ne cinikin. Dabarar da ta rage wahala ita ce a ɗauki amsoshin da ake yawan nema da murya sau ɗaya, yadda ake biya, yadda ake kai kaya, a aika su ga ɗayan layin naka, duk wanda ya tambaya a tura masa daga can. Kar saƙo ya wuce daƙiƙa 30. Mai sauraro megarsa yake ƙonawa.

Hoto shi ya fi cin lokaci, kuma shi ya fi jawo rigima. Abu na farko, a goge idon kyamara da gefen riga. Ƙurar Maradi da maiƙon hannu su ke sa hoto ya fito kamar cikin hazo, mutane su ɗauka wayar ce ba ta da kyau. A ɗauka a inuwa mai haske, bakin zaure ko ƙarƙashin rumfa, tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe ko bayan la'asar. Rana tsaka tana wanke launi, fitilar waya kuma tana sa shadda ƙyalli na ƙarya, ƙwan lantarki na ɗaki yana mayar da fari ruwan ƙwai. Kayan da aka fi dawo mana da su saboda launi ne: mace ta ga shuɗi mai duhu a waya, aka kawo mata abin da ya fi kusa da ruwan bula. Maganinsa a ajiye farar takarda a gefen yadin, a taɓa allon wayar a kan yadin kafin a ɗauka, sannan a duba: in takardar ta fito fara, launin ya kusa daidai. Duk da haka a faɗi launin da baki a saƙon murya.

Wannan farar takarda tana da aiki na biyu, wanda ya fi na farko. A kanta muke rubuta lambar kaya da kuɗinsa da ranar, da babban alƙalami: "A14, turmi, yadi 6, 9.000 F", wato sefa 9.000. Dalili shi ne hoto yana yawo. Wata za ta tura wa ƙanwarta a Tasawa, rubutun da ka yi a ƙarƙashi ya ɓace a hanya, amma abin da ke cikin hoton yana nan. A ƙasan takardar a sa lambar waya. Kuma maimakon "ina son wancan mai ja-ja da kika ɗora shekaranjiya", sai a ce "A14", magana ta ƙare. Kowane kaya hoto uku ya ishe shi: ɗaya gaba ɗayansa, ɗaya kusa-kusa da ke nuna saƙa ko ɗinki ko tambarin bakin atamfa, ɗaya da wani abu a gefe da zai nuna girma. Kwalbar humra a tafin hannu, ƙullin ƙuli-ƙuli kusa da akwatin ashana. Hoton da aka kwaso daga intanet kuwa mun hana shi gaba ɗaya. Tela ya ɗora ɗinkin wani, ya kasa fitar da irinsa, garin nan kuma ba shi da girman da irin wannan labari zai ɓuya.

WhatsApp yana matse hoto in an aika shi, abin da ke da amfani ga mega amma yana cinye ƙananan zanen leshi da aikin surfani. In mai saye yana son ya ga ainihin aikin, a aika masa hoton a matsayin fayil, ta wurin da aka rubuta "Document". Bidiyon sitatus a lokacin daƙiƙa 30 yake ɗauka. 10 zuwa 15 sun isa a juya yadi a ga yadda yake zuba. Katalog, wato shafin jera kaya da kuɗinsu, wanda aka ƙara wa WhatsApp Business a ƙarshen 2019, yana ɗaukar kaya har 500, amma wanda ya cika shi da yawa ba ya iya bin sa, sai a riƙa tambayar abin da ya ƙare tun makon jiya. Kaya 20 zuwa 30 da ke hannu sun fi.

Maganar kuɗi. Akwai masu ɗabi'ar ɓoye farashi, su ce a biyo su ta saƙo. A ganinmu wannan hasara ce. Mai kunya ba zai tambaya ba, mai tambaya kuma zai cinye maka wuni. A rubuta da alƙaluma, da harafin F a ƙarshe. A murya kuma a bambance sosai, don a nan "ɗari biyar" na iya zama dala 500, wato 2.500 F tunda dala ɗaya 5 F ce, ko kuma 500 F a bakin ɗan lakol, ko naira a kunnen wanda ya saba da Jibiya. Mun saba wa kowa ya ce "jika biyu da rabi" sannan ya rubuta 2.500 F a ƙasa. Ranar da ke kan takarda ita ke kare mai kaya: a watan Maris na 2020 Najeriya ta karya darajar naira daga 307 zuwa 360 a kan dalar Amurka, canjin kasuwa yana ta motsi, iyaka a rufe, kayan da ke shigowa suna zuwa da tsada iri-iri. Hoton wata biyu da suka wuce zai iya dawo maka da tsohon kuɗi. Tayi kuwa ba ya mutuwa don an koma waya. A bar ɗan wurin ragi, kaɗan, kuma kar a yi wa wata ragin da ba za a iya yi wa maƙwabciyarta ba, don saƙon murya ana tura shi. Mai sayar da sari da ɗai-ɗai ya yi amfani da saitin sitatus da ke ware waɗanda za su gani, kar kuɗin sari ya faɗa idon mai sayen guda.

Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, don haka lokacin ɗorawa yana da tasiri. Azumin 2020 ya kama daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, cikin tsananin zafi. Da rana ba mai duba waya. Bayan sahur, da kuma dare bayan an sha ruwa an yi isha'i, nan ne ido yake. Hoto biyar zuwa bakwai a wuni. Wanda ya jera arba'in, mutane suna gajiya a na huɗu, daga baya su sa shi a shiru. Alamar ido da ke ƙasan sitatus tana nuna waɗanda suka kalla, kuma wadda ta kalli leshi ɗaya kwana uku a jere, gaisuwa ta kamace ta. A yi cajin waya da ƙaramin batirin ajiya tun da safe, don a watannin zafi wuta ba ta da tabbas, kuma wayar da ta mutu ƙarfe tara na dare ta rasa kasuwar ranar.

Gurup ya ba mu wahala fiye da amfaninsa. A lokacin mutum 256 yake ɗauka, kowa yana ganin lambar kowa. Matan aure da yawa sun fice saboda baƙin maza sun kwashi lambobinsu, wasu mazajensu ne suka ce su fita. Ga kuma masu turo labarin maganin korona da wa'azi da tallan nasu kayan. In dole sai an buɗe, a saita shi yadda mai gurup kaɗai ke aika saƙo, na mata daban, kuma kar a jefa kowa ciki ba da izininsa ba. A watan Afrilun 2020 WhatsApp ya taƙaita saƙon da aka yi ta turawa, ba ya zuwa sai ga mutum ɗaya a lokaci guda, don haka dogaro da "ku tura wa wasu" bai kai ko'ina ba.

Biya a cikin gari mai sauƙi ne: kaya a hannu, kuɗi a hannu. A tambayi mai saye takardar nawa zai bayar, a haɗa wa ɗan aike canji tun daga gida, in ba haka ba zai tafi neman canjin jika goma, kaya uku na jiransa. Ɗinki da duk abin da ake yi don mutum ɗaya, rabin kuɗi kafin a sa almakashi. Na wajen gari, Dakoro, Mayahi, Tasawa, Yamai, ta gidajen aika kuɗi irin su Nita, Al Izza da Amana, ko ta Airtel Money. Tun farko a yanke wa zai biya kuɗin aikawa, a faɗa da baki. Ƙa'idar da ba mu taɓa sassautawa ba: hoton rasit ba kuɗi ba ne. Ana gyara hoto, ana kuma ƙirƙiro saƙon da ya yi kama da na shigar kuɗi daga lambar mutum. Sai an karɓo kuɗin a gishe, wato tagar gidan aika kuɗi, ko an duba asusun waya an ga sun ƙaru, sannan kaya su fita. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan in an faɗa masa da ladabi: "Alhaji, a yi haƙuri, da yaro ya dawo daga karɓowa za a kai tasha."

Kai kaya shi ne inda riba ke zubewa ba a sani ba. Matan Maradi sun daɗe suna sana'a daga cikin gida ta hannun yara masu talla da dillalai, don haka tsarin ba baƙo ba ne. Abin da ya sauya shi ne yanzu an riga an sayar kafin a fita. Muka sa kowa ya tsayar da ɗan kabu-kabu ɗaya ko biyu da aka san gidansu, a yi yarjejeniya a kan kuɗin kowace unguwa. Ba a fita don kaya ɗaya. A tara na gefe guda, Zariya da Ali Ɗan Tsoho fita ɗaya, Mokoyo da Bagalam da Ɗan Gulbi fita ɗaya, sau biyu a wuni, da hantsi da bayan la'asar. A kan kowace leda a rubuta suna, lambar waya, da kuɗin da za a karɓo. Tura wuri ta taswirar WhatsApp yana taimako in ɗan aike ya iya karanta ta. In bai iya ba, a tura masa muryar mai saye tana kwatance. Da takunkumi a fuskarsa, ya tsaya a zaure. Na tasha kuma, a ɗauki hoton ƙunshin, da lambar motar, da lambar direba, a aika wa mai kaya nan take. Man gyaɗa da humra a sa leda a bakin kwalba kafin a murɗa marfi, a naɗe da salatif, a tsayar cikin kwali. Zafin bayan mota yana sa su tsiyaya, kuma kwalba ɗaya ta isa ta ɓata turmin wani.

Facebook mun bar shi a baya da gangan. Aikinsa kawo sabuwar fuska, ciniki kuma a WhatsApp ake ƙarasa shi. A buɗe shafin sana'a, a haɗa shi da maɓallin WhatsApp, ko a sa mahaɗin wa.me da 227 da alƙaluma takwas na lambar, ba tare da alamar tarawa ba. Tallan da ake biya yana bukatar katin banki, wanda yawancin ƙananan ƴan kasuwa ba su da shi, kuma waɗanda suka gwada sun fi yin kuskure a wurin zaɓen yanki. Talla da Hausa, in aka bar ta a buɗe, Kano da Katsina da Kaduna za ta tafi, don can masu jin Hausa suka fi yawa. Sai ka ga yabo ɗari-ɗari da "nawa ne?" daga mutanen da iyaka ta raba ka da su, ko da Najeriya ta buɗe wasu iyakoki a Disambar 2020, ta Jibiya ba ta ciki, sai a 2022. A dasa alama a kan Maradi, da'irar kilomita 20 zuwa 25, ta haɗa da Tibiri da Jiratawa, a zaɓi tallan da ke kai mutum ga aika saƙo, a gwada da kuɗi kaɗan na kwana uku ko huɗu, a ƙirga saƙonnin da suka zama ciniki. Teloli da suka koma ɗinkin takunkumi sun ci karo da wani abu: daga Maris 2020 Facebook ya hana tallan takunkumi, bai sassauta wa na yadi ba sai a watan Yuni. Su sitatus ne ya sayar musu, musamman da makarantu suka koma ranar 1 ga Yuni. Masu zogale da citta da kanumfari kuwa mun hana su rubuta cewa kayansu na maganin korona. Ban da cewa ana goge irin wannan talla, magana ce da ba su da hujjarta.

Alamomi masu launi na WhatsApp Business, sabon oda, an biya, an kai, bashi, suna taimaka wa wanda saƙonni suka yi wa yawa, amma ba su maye gurbin littafi ba. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta. Kowane dare a rubuta abin da ya fita, kuɗin saye, kuɗin sayarwa, kuɗin kabu-kabu, leda da salatif, da kuɗin forfe na intanet. Waɗannan ukun na ƙarshe su ake mantawa, sai mace ta ga kaya na tafiya kullum amma jari na raguwa. A raba kuɗin forfe na mako a kan yawan kayan da ake sayarwa a mako, a ɗora a kan farashi. A kashe saukar hotuna da bidiyo na kai tsaye a saitin WhatsApp, don gurup-gurup na dangi su ke shanye mega cikin dare. Lambobin masu saye kuma a adana su a asusun Google maimakon kan layi ko cikin waya, a kwafe muhimman a bayan littafin, a rubuta adireshin asusun da kalmar sirrinsa a wata takarda da ke ajiye a gida.